Matakin da Ban Rubuta Ba

Ban wuce aji na uku a kolej ba. Da karatu ya gagare ni, kawuna ya zaunar da ni a shagonsa na fotokopi da ke bayan meri, wato ofishin magajin gari, ta Magariya, ina buga wa mutane takardun neman aiki da wasiƙun ƙorafi. A nan na koyi odinata, wato kwamfuta, da yatsa biyu. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da ke magana: wanda ya kai shekara talatin ba a taɓa cewa wani aiki sai shi ba, ran da ya sami irin wannan aikin kuma ya ƙanƙame shi har ya cuci wata baiwar Allah a kansa.

Aikin na wata manhajar waya ce, ta masu kula da famfunan ƙauye. Kowane ƙauye mai foraji, wato rijiyar burtsatse, akwai mutum guda da aka ɗora wa kula da famfo. In wani abu ya lalace sai ya ɗauki hoto, ya yi bayani da baki a cikin manhajar: roba ta cinye, sanda ta karye, ruwa ya ja baya. Manhajar tana ajiye rahoton a cikin wayar ko babu rezo, wato layin sadarwa, har ran da mai ita zai shigo gari ya tura. Da waɗannan rahotanni ma'aikacin ruwa na meri yake tsara ƙauyukan da masu gyara za su bi bayan kaka, kafin bazara ta matso.

Wani injiniya ɗan garinmu ne ya fara ta, sannan aiki ya ɗauke shi zuwa Yamai. A buɗe ya bar ta. Rubutun da aka gina ta da shi yana ajiye a intanet, kowa na iya karantawa, ya ɗauka, ya gyara, ba a karɓar ko dala. Akwai kuma wani shafi a wurin da ake rubuta duk matsalar da aka gani, da abin da ya jawo ta, da yadda aka gyara, shi ma a fili yake. Masu taɓa aikin ba su da yawa, ba kuma wanda ake biya. Ni ban iya rubuta manhaja ba, har yau ban iya ba. Abin da injiniya ya koya mini kafin ya tafi shi ne saki, wato fitar da sabon zubin manhajar duk lokacin da gyare-gyare suka taru. Ya zaɓe ni ne don shagonmu yana da wuta da odinata, ya kuma lura ba na gajiya da maimaita abu.

Mataki goma sha uku ya koya mini. Ka tattaro gyaran da kowa ya yi, ka canza lambar zubi a wuri uku kada ka manta ko ɗaya, ka duba cewa Hausar da Faransancin da ke fuskar manhajar sun yi daidai, ka gina, ka buga hatimi, ka gwada a waya, haka dai har ƙarshe. Kwana biyu yake ci na, in wuta ta yi halinta uku. Hatimin nan ba na roba ba ne irin na ofis. Wani ɗan abu ne a cikin odinata mai kalmar sirri, ana buga shi a kan kowane zubi, kuma waya ba ta yarda sabon zubi ya hau kan tsoho sai in hatiminsu ɗaya ne. In ba ɗaya ba ne, sai dai a goge tsohuwar manhajar a zuba sabuwa, gogewar kuwa tana tafiya da duk rahoton da ba a riga an tura ba.

A wurinmu manhaja ba ta intanet take shiga waya ba, ta kasuwa take shiga. Mai kula da famfo yana zuwa kasuwar mako da wayarsa a mace, don ƙauyensu ba wuta. Kafin ya sayi gishiri ko ya gaisa da kowa, rumfar mai caji yake fara tsayawa ya miƙa ta. Masu cajin nan su ne masu zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a katin memwar na waya, shi ya sa muka roƙe su su riƙa zuba sabon zubinmu duk wayar mai famfo da ta zo hannunsu. Sai da yamma mai wayar zai karɓe ta a cike, ya sayi ɗan kiredin waya, ya tura rahotanninsa. Babban mai cajin kasuwar Dungas taubashina ne, ɗan kawun da ya riƙe ni.

Saki ya ba ni abin da lekol, makarantar boko, ba ta ba ni ba. Merin da a da nake tsayawa a bakin ƙofarta da takardun mutane a hannu, sai ga shi ana jawo mini kujera. Masu famfo in sun hange ni suna cewa ga mai sabon zubi. Mutanen da suka yi jami'a suna rubuto mini suna tambaya ko zan sami lokaci a wannan satin. Nakan bar saƙon ya kwana kafin in amsa, ko da ba ni da aikin komai.

A shekara ta biyu odinatar shago ta lalace, aka kai ta gyara, mai gyara ya wanke ta tas. Hatimin ya tafi. Na bincika duk kile ɗin da nake da su, ƴan sandunan nan da ake sokawa a odinata a ajiye abu a ciki, ban gan shi ba. Kunya ta hana ni kiran injiniya in ce ɗan aji uku ya ɓatar da amana. Sai na ƙera sabon hatimi ni kaɗai, na bi masu famfon ɓangaren Magariya ɗaya bayan ɗaya, in sa mutum ya tura rahotanninsa tukuna, sannan in goge tsohuwar manhaja da hannuna in zuba sabuwa, ina ce musu gyara ne. Ban kai ga Dungas ba sai ga tsohon hatimin a wani kile cikin aljihun rigar sallata. Abin da ya kamata in yi a lokacin ba ɓoyayye ba ne, in faɗa, a yi mini faɗa, a daidaita. Maimakon haka na shiga gina zubi biyu a kowane saki. Mai sabon hatimi na Magariya ne, shi nake ɗorawa a intanet. Mai tsohon hatimi na Dungas da Guci ne, shi nake zubawa a wani kile da na ɗaura wa jan zare in aika wa taubashina. Wannan ya zama mataki na goma sha huɗu, ba wanda ya san da shi sai ni.

Madam malamar lissafi ce a kolej ta Dungas, ƴar garin ce, ta ɗan girme ni. Ita ta koya wa kanta rubuta manhaja a lokutan hutu, da tsohuwar odinatar mijinta, har ta shiga cikin masu turo mana gyara. Ita ce kuma ta bi masu famfon Dungas da Guci ta lallashe su su ajiye kaye, littafin rubutunsu, su koma waya. Da yawansu iyayen ɗalibanta ne ko abokan mahaifinta, sun yarda ne don ita ta ce. Wayarta kullum zubin gwaji ne a kai, wanda take ginawa da kanta, shi ya sa ba ta taɓa cin karo da maganar hatimi biyu ba.

Wata rana ta shigo Magariya wajen inspeksiyon, ofishin masu duba makarantu, ta biyo ta shago. Ina tsakiyar buga takardun jarabawa.

"Malam, gyaran nan nawa sati shida ke nan yana zaune a wurinka. Ko sai ya yi furfura?"

"Madam, saki ba wasa ba ne. Kina ganin aikin da ke gabana."

"Ina gani, shi ma ya kawo ni. Rubuta mini matakan ɗaya bayan ɗaya, har da wanda kake ganin ba komai ba ne. Zan mayar da su umarni, odinata ta riƙa bi da kanta. Ka danna sau ɗaya ka tafi shan shayinka."

"In na tafi shan shayi, wa zai aiko in dawo?"

Na faɗa da dariya, ita ma ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

"Ka dawo mana, wa zai raba ka da aikinka? Amma in ka kwanta ciwo fa, Allah ya kiyaye? Ko odinatar nan ta mutu? Duk wanda ke cikin aikin ya kamata ya iya saki, ko ni, ko wanda zai zo bayanmu."

Gaskiya ta faɗa, na kuma san gaskiya ce tun tana rufe baki. Amma abin da kunnena ya ɗauka shi ne: ko ni. Abin da nake kwana biyu a kansa ana jira na, za ta mayar da shi danna ɗaya da kowa zai iya. Injiniya ya ji shawarar daga Yamai ya ce madalla, tun da daɗewa yake son haka. Ba ni da hanyar ƙi.

Na yagi takarda daga kaye na zauna. Na rubuta goma sha ukun da kyau, da bayani, har da inda nake yawan yin kuskure. Da na zo na goma sha huɗu na ajiye bik ɗin da nake rubutu da shi. Ba mantuwa ba ce. Na duba takardar na daɗe, na ninke ta, na ba mai kabu-kabu ya kai mata. Na haɗa mata da sabon hatimin da kalmar sirrinsa. Da ta ce tana son wayar da za ta gwada a kai, mai tsohon zubi irin na masu famfo, na buɗe aljihun tebur, akwai wayoyin gwaji biyu a ciki, na ɗauko ta Magariya na aika.

Lissafina shi ne wannan. Za ta yi sakinta, zubi ɗaya mai sabon hatimi, ta kai kasuwar Dungas. Wayoyi za su ƙi karɓa. Za a kira ni, in hau kabu-kabu in iso da kile mai jan zare, kafin la'asar komai ya daidaita. Kowa zai ga cewa akwai abin da sai ni, ba kuma sai na yi bayanin ko mene ne ba.

Sati uku ta yi tana rubuta umarnin. Ran da ta gwada ya yi, ta kira ni muryarta kamar ta ɗalibar da ta ci jarabawa, ta ce kafin ruwan shayinta ya tafasa an gama. Na ce barka. Sakin ya faɗo bayan an gama ɗaurin gero, lokacin da masu famfon da aikin gona ya riƙe tun damina suke fitowa kasuwa da rahoton wata uku ko huɗu a cikin wayoyinsu.

Ranar kasuwar Dungas na zauna a shago, kilen yana aljihuna, na riga na ce wa wani mai kabu-kabu kada ya yi nisa. Wayata tana kan tebur kusa da injin fotokopi. Hantsi ya yi, azahar ta yi, shiru. Sai bayan la'asar ta yi ƙara. Taubashina ne.

"Bawana, kana nan kana lasar takardu?"

"Ina nan, ubangidan da ba ya ciyar da bawa. Yaya kasuwa?"

"Kasuwa ta ci. Kai, wannan sabon kayan da Madam ta kawo ɗan gardama ne irinka. Duk wayar da na ɗora wa sai ta ce a'a."

"To me ya hana ka kira ni?"

"In kira ka a kan me? Ai na yi maganinsa. Na goge tsohuwar na zuba sabuwar, lafiya lau ta hau. Na gaya wa sauran masu cajin ma, kowa haka ya yi. Yau na hutar da kai, sai ka aiko da goro."

"Sun tura rahotanninsu kafin ka goge?"

"Da wane caji? A mace suka kawo su, kamar ba ka san mutanenka ba. Lafiya na ji ka yi shiru?"

Na ce lafiya, rezo ne.

Zan iya cewa ban yi tunanin haka za ta faru ba, na kuma yi watanni ina faɗa wa kaina hakan. Amma sau nawa na zauna a rumfarsa ina kallon yadda yake aiki? Duk abin da ya ƙi hawa waya, maganinsa ɗaya ne a wurin mai caji, a goge a sake zubawa. Na san wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu. Ban dai bar kaina ya kai can ba, don hoton kaina a kan kabu-kabu ina isowa ana buɗe mini hanya ya fi mini daɗin tunawa.

Masu gyara ba sa tashi sai da hoton abin da ya lalace, da shi suke sanin kayan da za su sayo. Masu famfon da ke kusa da gari sun koma sun sake ɗaukar hoto sun turo. Na nesa ba su samu ba kafin ma'aikacin ruwa ya rufe jerin sunayen ƙauyuka. Ya kira taro a merin Dungas, aka gayyace ni, aka ba ni kujera a gaba kusa da shi. Madam tana gefe a kan benci.

Wani dattijo ya miƙe, mai kula da famfon wani ƙauye ne can bayan Guci. Bai ɗaga murya ba.

"Madam, ƴata, ke kika zo har ƙofar gidana kika ce in ajiye kaye. Na ce miki kaye ko akuya ta ci tana barin rabi. Kika ce wannan ba ya ɓata. Wata huɗu ina yi wa wayar nan magana kamar mahaukaci, jikokina suna mini dariya. Yanzu an ce ba sunan garinmu. To me zan je in ce wa matan gari?"

Madam ta tashi tsaye. Ta ce ita ta yi sakin, ita ta kawo shi kasuwa da hannunta, laifinta ne, tana neman gafara. Ba ta ambaci takardata ba, ba ta ko dubi inda nake ba, don ba ta zargi komai ba. Ma'aikacin ruwa ya juyo wurina.

"Malam, kai ka san aikin nan. Me ya faru?"

Kilen yana aljihuna a wannan lokacin ma. Na gyara zama na ce sai an bincika, amma dai akwai abin da hannu ya saba da shi wanda inji bai sani ba. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Ban yi ƙarya ko ɗaya a cikin maganar nan ba, kuma ban taɓa faɗin abin da ya fi ta muni ba.

Madam ta rubuta a shafin matsaloli cewa umarninta ya fitar da zubi marar kyau, ba ta gano dalili ba tukuna, a dakatar da shi. Injiniya ya ce saki ya koma hannuna har a gano. Ba a gano ba, don shaidar tana cikin abin da aka goge. Ɓarnar ma ta binne tsohon kuskurena, tunda yawancin wayoyin Dungas yanzu sun koma sabon hatimi, sai ƴan kaɗan da ba su zo kasuwa ranar ba, su kuwa na ci gaba da yi musu nasu a ɓoye. Bayan wata biyu Madam ta rubuto layi ɗaya cewa aikin lekol ya yi mata yawa, ta fita. Taubashina ya gaya mini a kasuwa ana ce mata Madam mai gogewa, har ɗalibanta sun ji. Yana ba ni labarin yana dariya, ni ma na taya shi.

Na sami abin da nake so. Saƙonni suka dawo suna tambaya ko zan sami lokaci. Sai dai gyaran da ake turowa ya ragu, don rabinsa daga wurinta yake fitowa. Wasu masu famfon suka koma kayensu. Ina zama kwana biyu ina bin matakaina a kan zubin da kusan ba abin da ya canza a cikinsa.

Cikin bazara aka yi mana rasuwa a dangin uwa, muka tafi gaisuwa ni da taubashina a kan babur ɗinsa. Sai da muka shiga garin na gane inda muke. Famfon yana bakin hanya, an kewaye shi da ƙaya don kada yara su ƙarasa shi, ƙasar da ke gindinsa ta bushe ta tsattsage. Mun wuce amalanken jaki biyu cike da jarkoki, da mata a bayansu da ƙafa. Bayan mun yi addu'a muna zaune a rumfa, dattijon nan ya gane ni. Ya tashi da kansa ya shiga gida ya fito da kwanon ruwa.

"Sha, malam, kun sha rana. Ka yi haƙuri da launinsa, daga rijiyar wancan garin ake ɗauko mana, tun da sassafe suke fita."

Na karɓa da hannu biyu.

"Mun gaya wa na meri," ya ce, "kada a sake ba kowa aikin nan sai kai. Da hannunka ya bi da ba mu ga haka ba. Ita yarinyar kirki ce, na san ubanta, amma abin da ba ka iya ba ka bar wa masu shi."

Taubashina ya ce, "Baba, kada ka fasa masa kai, da ƙyar muke shiga da shi ƙofa." Aka yi dariya. Ni kuwa na kafa kai na shanye ruwan nan duka, har da laka-lakan da ke ƙasa, don ban san inda zan sa idona ba in na sauke kwanon.

Ko a nan ban faɗa ba. Sai da na ƙara sati biyu, ina tashi da abin ina kwana da shi, sannan na hau mota zuwa Dungas. Na sami Madam lokacin hutun ƙarfe goma, tana zaune a inuwar bishiyar bedi a bakin ajinta tana duba kayen ɗalibai. Ta yi mini maraba sosai, ta sa aka kawo mini kujera, ta tambayi mutanen gida. Na ƙi zama.

"Madam, matakan goma sha huɗu ne. Goma sha uku na rubuta miki."

Na faɗa mata duka, tun daga wanke odinata har kile mai jan zare. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta rufe kayen da ke hannunta, ta ɗora bik a kai.

"Wayar gwajin da ka aiko mini fa?"

"Ta Magariya ce."

"Kana da ta Dungas a lokacin?"

"Ina da ita."

Ta daɗe tana kallon yaran da ke guje-guje a fili.

"Umarnin nan layi arba'in ne da ƴan kai, malam. Wata biyu ina karanta su. Na buga su a takarda ina yawo da su a jaka kamar laya, in ɗalibai suna aiki in fito da su. Daga ƙarshe na ce kaina ne bai kai ba, malamar lissafi ta tsaya ga allonta. Na mayar wa maigida odinatarsa na ce ya sayar."

"Ki yafe mini don Allah."

"Kada ka yi mini gaggawa. Kai ka yi wata biyar kana shiri, ni yanzu na ji."

Aka buga ƙarfen komawa aji. Ta tattara kayen ta miƙe.

"Je ka rubuta a inda na rubuta nawa. Sannan ka faɗa a inda na faɗi nawa, a tsaye."

Na rubuta a shafin matsaloli, a ƙarƙashin nata, da Faransancina na ɗan aji uku, ban rage komai ba. Na yi zaton injiniya zai kira ni ya zage ni, na ma so ya yi. Layi biyu ya rubuto: in turo tsohon hatimin da kalmar sirrinsa, kuma daga yau umarnin Madam za a riƙa bi. Wani daga cikin masu aikin ya ƙara layi uku a umarnin don sauran wayoyin masu tsohon hatimi, ya gama a yini ɗaya. Abin da na ɗauka a kaina shekara da shekaru ina ɓoyo, iyakarsa ke nan. Ba a kore ni ba, ba a dai ƙara tambayata ko zan sami lokaci ba. Injiniya ya rubuta wa Madam ya roƙe ta ta dawo, ta amsa da godiya, ba ta dawo ba.

Masu famfo ba sa karanta shafin intanet. Sai da aka kira taronsu na bayan kaka a merin Dungas na sami damar cika rabi na biyu na abin da Madam ta ce in yi. Na roƙi ma'aikacin ruwa ya ba ni minti biyar. Madam ba ta zo ba, ba ta zuwa tun wancan. Dattijon ma ba ya nan, an ce ya sauka ya bar wa wani. Kusan rabin mutanen sababbi ne.

Na tashi tsaye na faɗa. Na yi ƙoƙarin bayanin hatimi biyu, na ga idanu suna yawo, sai na bar shi na ce a taƙaice: ni na ɓoye mata abin da ya kamata ta sani, da gangan, don kada a raba ni da aikin, rahotanninku ni na ɓatar da su, ba ita ba. Ma'aikacin ruwa ya duba agogo ya ce to, Allah ya kyauta, abin da ya wuce ya wuce, a shiga maganar kayan gyara.

Da aka tashi ina neman takalmana a bakin ƙofa, mutum biyu suna gabana, ba su san ina bayansu ba. Ɗaya ya tambayi ɗayan me malamin Magariya yake cewa ne ɗazu, shi bai gane ba.

"Ba komai," in ji ɗayan. "Mutumin kirki ne. Yana rufa wa Madam asiri ne."